Da Hitila ya ƙara wa Romel sojoji, da ya kama Suwez ya ci yaƙi?

Ɗan'uwa, tambayarka ita ce wai da Hitila ya fasa afka wa Rasha a 1941, ya ɗebi ko da rubu'in sojojin da ya tura can ya ba Romel, janar ɗinsa da ke yaƙi da Ingila a Libiya, ashe da bai kama Masar da mashigin Suwez ba, ya zarce ya mallaki man Iraƙi da Iran, Ingila ta durƙusa? Ka ce kun daɗe kuna wannan musu da abokanka, su sun tsaya kai da fata cewa kuskuren Hitila kenan mafi girma, kai kuma zuciyarka ba ta kwanta ba amma ka rasa ta inda za ka kama su.

To zuciyarka ce ke da gaskiya. Na daɗe ina koyar da tarihin wannan yaƙi, wanda kakanninmu ke kira yaƙin Hitila, kuma kusan duk shekara sai an samu ɗalibi mai kaifin kai ya taso min da wannan magana, don a kan taswira abin yana da kyau sosai, ka ja layi da biro daga Tarabulus zuwa Alƙahira, ka ja wani zuwa Basra, shi ke nan an gama yaƙi. Kuma ba abokanka ne suka fara ta ba. Shugaban sojan ruwan Jamus, Admiral Raeder, ya kai wa Hitila kusan irin wannan shawara tun watan Satumba 1940, ya ce a kama Jibralta, wadda ke tsare ƙofar Bahar Rum ta yamma, da Suwez a kori Ingila daga Bahar Rum kafin Amurka ta shigo. Saboda haka ba maganar banza ba ce, sai dai akwai inda take karyewa, kuma ba a fagen daga ba ne, a bakin tashar jirgin ruwa ne.

Bari mu yi lissafi kaɗan. Rundunar Jamus guda ɗaya mai tankoki da motoci, abin da sojoji ke kira dibishan, tana cin wajen tan 350 na kaya kullum a hamada, fetur da harsashi da abinci da ruwa da safaya. A wata ka ga ya haura tan dubu 10 kenan. Tashar Tarabulus, wadda ita ce mafi girma a Libiya duka, abin da take iya saukewa a wata bai wuce wajen tan dubu 45 ba, manyan jiragen kaya biyar ne kawai ke iya tsayawa a bakinta lokaci guda. Sojojin Italiya da na Jamus da suke ƙasar tun farkon 1941, kafin a ƙara ko mutum ɗaya, suna buƙatar wajen tan dubu 70 a wata. Ka ga tun ba a je ko'ina ba akwai giɓi. Bingazi da Tubruk ƙananan tashoshi ne, ga jiragen saman Ingila na yi masu ruwan bama-bamai, da ƙyar kowace ke sauke tan 700 zuwa 800 a rana. To yanzu abokinka ya ce a ƙaro dibishan goma ko ashirin, ta wace ƙofa abincinsu zai shigo? Kamar gida ne mai famfo ɗaya da ke ɗigo, layin bokitai ya riga ya kai bakin zaure, sai wani ya ce maganin abin a ƙaro baƙi.

Jamusawan kansu sun san haka. A Oktoba 1940 sun tura Janar von Thoma ya je ya duba Libiya da idonsa, ya dawo ya ce dibishan huɗu masu tankoki su ne mafi ƙarancin abin da zai iya kama Masar, kuma su ne iyakar abin da za a iya ciyarwa, wannan ma sai in an kwashe sojojin Italiya sun ba su wuri. Ka yi tunanin a je a ce wa Musolini, shugaban Italiya, ya janye sojojinsa daga ƙasar da yake mulka ya bar wa Jamusawa su ci masa Masar. Ai ko taimakon ma ƙin karɓa ya yi a lokacin, sai da Ingila ta tarwatsa masa runduna tsakanin Disamba 1940 da Fabrairu 1941 ta kama masa fursunoni wajen dubu 130, sannan ya sauko, shi ne aka turo Romel ya sauka Tarabulus ranar 12 ga Fabrairu 1941. Kuma aikin da aka turo shi ya tare ne kada Libiya ta tafi, ba a ce ya je Alƙahira ba, shi ya ƙara wa kansa.

Mu ce ma kayan sun sauka lafiya. Nan ne wahalar take farawa, kuma nan nake so ka tsaya sosai. Daga Tarabulus zuwa Al-Alamain, inda Romel ya ƙare, wajen kilomita 2,200 ne. Kamar ka tashi daga Legas ka zo Kano ka juya ka koma Legas. Babu layin dogo da ya haɗa, 'yan guntaye ne kawai a kewayen Tarabulus da Bingazi. Titi ɗaya ne tal mai kwalta a bakin teku, wanda Italiyawa suka gama a 1937, kowa a kansa yake bi, mai zuwa da mai dawowa, jiragen Ingila kuma sun san shi kamar tafin hannunsu. Ɗauki direba ɗaya da lorinsa mai ɗaukar tan biyu, an loda masa fetur a tasha. Zai yi kwana da kwanaki yana tafiya, rairayi na shiga injin yana cinye shi kamar an sa masa faifan yashi, ga zafi, lagireto na tafasa yana shan ruwan da shi ma direban yake buƙata, taya ta fashe ba safaya, in dare ya yi ba halin kunna fitila. Motar da kanta fetur take sha, zuwa da dawowa, kuma daga cikin wanda aka sauke a tashar ne. Masana da suka bi takardun sun ƙiyasta cewa tsakanin kashi 30 zuwa 50 cikin 100 na man da aka sauke a Afirka ta Arewa a hanya yake ƙonewa kafin ya kai ga tankar da aka kawo shi dominta. Hedikwatar sojan Jamus ta lissafa cewa don a ciyar da dibishan ɗaya a nisan kilomita 480 kacal ana buƙatar lori 1,170. Kilomita 480 fa, ba 2,200 ba. Kuma a kowane lokaci wajen kashi ɗaya cikin uku na motocin suna hannun bakanike. Duk wanda ya taɓa harkar tirela tsakanin kudu da arewa ba sai an yi masa dogon bayani ba.

Af, jarkar nan da muke zuba fetur da ruwa, asalinta daga nan ne. Jamusawa suka ƙera ta, ta ƙarfe mai cin lita 20 da hannu uku, sojojin Ingila kuma da nasu gwangwanayen ke yoyo suna zubar da mai a hanya suka riƙa wawasonta duk inda suka gani, suka sa mata suna da laƙabin da suke kiran Bajamushe da shi, Jeri, sunan ya bi bakin duniya har ya iso mu ya zama jarka. Wato a wajen mazubi Jamus ta fi, abin zubawar ne babu.

Sannan maganar a ɗebi rubu'in sojojin Rasha, akwai abin da mutane ba su sani ba. Hoton da ke kan kowa shi ne sojan Jamus duk a kan tanka yake. Ƙarya ne. Cikin dibishan wajen 150 da suka shiga Rasha ranar 22 ga Yuni 1941, masu tankoki 19 ne, sai wasu 'yan kaɗan masu motoci, sauran duk a ƙafa suke, dawakai ke ja masu igwa da keken abinci, doki sama da dubu 600. Ka kai doki hamadar Libiya, ina ciyawa ina ruwa? Sojan ƙafa a wannan fili kuwa nama ne kawai, abin da ya sami Italiyawa kenan. Wanda zai yi amfani sai mai mota, mai mota kuwa mun ga lissafinsa. Inda zan yarda da abokanka shi ne jiragen sama, da ba a shiga Rasha ba da Jamus ta samu ɗaruruwan jirage ta zuba a Bahar Rum, kuma da sun wahalar da Ingila ƙwarai. Amma jirgin da zai tashi daga filin Libiya shi ma mansa da bama-bamansa ta Tarabulus za su shigo su hau wannan titin.

Na san abin da za su ce maka na gaba, Malta. Za su ce ai tsibirin Malta ne ya hana kaya isa, da an kama shi an huta. Akwai ƙamshin gaskiya. Daga Malta jiragen ruwa da na sama da na ƙarƙashin ruwa na Ingila sun yi ɓarna, ga shi suna karanta saƙonnin sirrin abokan gaba sun san ranar da ayari zai tashi. A daren 9 ga Nuwamba 1941 sun nutsar da jiragen kaya bakwai na ayari ɗaya, ko ɗaya bai tsira ba, kuma a watan fiye da rabin kayan da aka aika ruwa ya ci. An shirya kama tsibirin a 1942, Hitila ya yi ta jan ƙafa saboda har lokacin bai manta da dubban sojojin laimar da ya rasa a tsibirin Kirit na Girka a Mayu 1941 ba, Romel kuma da kansa bayan ya ci Tubruk ya ce a bar Malta a ba shi jiragen ya wuce Masar. Amma in ka haɗa lissafin yaƙin gaba ɗaya, sama da kashi 80 cikin 100 na kayan da aka ɗora daga Italiya zuwa Libiya sun isa. Akwai watannin da Malta ta yi laushi saboda bama-bamai, kaya suka sauka da yawa, suka taru a tasha jibgi-jibgi, gaba kuma sojoji na kukan babu mai. Kama Malta zai rage asara a teku, ba zai ƙara wa Tarabulus faɗi ba, ba zai rage ko kilomita ɗaya a titin ba. Gina tasha da shimfiɗa dogo kuwa aikin shekaru ne, ba a fafe gora ranar tafiya.

Wurin da hujjarsu ta fi ƙarfi, in suna so su yi musu da kyau, shi ne ƙarshen Yuni 1942. Romel ya ci yaƙin Gazala, Tubruk ta faɗi ranar 21 ga Yuni da fursunoni wajen dubu 33 da tulin fetur da motoci na ganima, aka ba shi muƙamin fil mashal, wanda ya fi na janar, ya bi Ingila a guje har Al-Alamain, saura kilomita ɗari da 'yan kai ya shiga Iskandariyya. Jiragen ruwan yaƙin Ingila suka bar Iskandariyya, a Alƙahira ofisoshin Turawa suka yi ta ƙona takardu hayaƙi ya turnuƙe, Musolini har ya taso ya sauka Libiya yana jiran ranar shiga Alƙahira a kan farin doki. Wallahi in ka karanta labarin kwanakin nan sai ka ce an gama. Amma da tanka nawa Romel ya iso? Hamsin da biyar na Jamus masu tafiya. Sojojinsa sun yi makonni ba barci, yawancin motocin da suke ciki na Ingila ne da suka ƙwace. Kuma Al-Alamain ba irin sauran wuraren ba ne, teku a arewa, a kudu kwarin Ƙattara mai gishiri da laka wanda tanka ba ta bi, tsakaninsu wajen kilomita 60, babu ta inda zai zagaya ya ɓullo ta baya kamar yadda ya saba. Ita kuwa Ingila da ta ja baya kusa da rumbunta ta koma, jirgin ƙasa na kawo mata kaya daga Iskandariyya har bakin daga. Abin da ya riƙa faruwa kenan a wannan yaƙi, wanda ya ci gaba ya yi nisa da abincinsa ya raunana, wanda aka kora ya ƙarfafa, shi ya sa suka yi ta kai da komo a titi ɗaya shekara biyu. Janar Auchinleck na Ingila ya tsayar da Romel a Yuli, Musolini ya gaji da jira ya koma gida.

Ga kuma babban laifin masu wannan irin musu, su canza wa ɓangare ɗaya dabara su bar ɗayan a tsaye kamar gunki. Ingila za ta zuba ido ne? A Agusta 1940, lokacin da ake tsoron Jamus za ta tsallako ta mamaye Ingila kanta, firaministan Ingila Cocil ya ɗebi tankoki wajen 150 ya aika Masar. Ranar da Tubruk ta faɗi yana fadar shugaban Amurka, Roosevelt ya tambaye shi me za mu yi maka, aka ƙare da tankokin Sherman 300 da aka ɗoro a jirgi, kuma da yawansu sun yi yaƙin Al-Alamain na biyu a Oktoba, inda Janar Montgomari na Ingila ya fito da tanka wajen dubu da sojoji kusan dubu 200. Kuma hanyar Ingila ta baya ta bi ta ƙasarmu, mutane da yawa ba su san wannan ba. Tun Satumba 1940 ake kawo jiragen yaƙi cikin akwatuna a sauke a Takoradi ta Gana ta yanzu, a haɗa su, su tashi su bi Legas, Kano, Maiduguri, Fort Lamy wato Injamena, su ratsa Sudan ta Alfashir da Hartum su sauka Masar. Sama da jirgi dubu 5 suka bi wannan hanya. Ta yiwu ne saboda gwamnan Cadi, Félix Éboué, ya bi ɓangaren de Gaulle, jagoran Faransawan da suka ƙi miƙa wuya ga Jamus, a Agusta 1940, alhali Nijar na hannun gwamnatin Vichy, wato gwamnatin Faransa mai bin Jamus. Abin ya dami Jamusawa har a Janairu 1942 suka aiko jirgi ɗaya tak ya ratso Sahara ya jefa bam a ma'ajiyar man Fort Lamy. Ga kuma sojojin Najeriya da na Gana da suka yi yaƙin Somaliya da Habasha a 1941, faɗuwar Italiya a gabashin Afirka ce ta buɗe Bahar Maliya har jiragen kayan Amurka suka samu damar zuwa Suwez kai tsaye. Duk dibishan ɗin da Jamus za ta ƙara, ɗaya ɓangaren na da hanyoyin mayar da martani da Jamus ba ta isa ta toshe ba.

To mu yi masu kyauta, mu ce Romel ya fasa, ya shiga Iskandariyya da Alƙahira, ya tsaya a bakin Suwez. An yi wa Ingila mummunan rauni, ƙila ma kujerar Cocil ta girgiza, ban musa ba. Iskandariyya babbar tasha ce, in ya same ta da rai ta rage masa wahala, sai dai Ingila ta shirya rusa ta da ja da baya zuwa Falasɗinu da Sudan. Amma me Suwez ɗin ke tsare wa Ingila a lokacin? Tun da Italiya ta shiga yaƙi a Yuni 1940 jiragen kasuwancin Ingila suka daina ratsa Bahar Rum, ta ƙasan Afirka ta Kudu suke zagayawa. Wato jijiyar da ake cewa za a yanke, an riga an daina amfani da ita. Man da Ingila ke sha a gida kuma mafi yawansa daga Amurka da Benezuwela da Tirinidad yake zuwa ta Atlantika. Mu da muka taso muka ga Saudiyya da Kuwait muna ɗauka haka abin yake tun da, a'a, a 1940 Gabas ta Tsakiya duka wajen kashi 5 cikin 100 na man duniya take fitarwa, Amurka ita kaɗai sama da kashi 60. Saudiyya a 1938 aka fara samun man kasuwa a Dammam.

Shi kuma Bajamushe ya samu man, wutsiyar raƙumi ta yi nesa da ƙasa. Daga Alƙahira zuwa matatar Abadan a Iran wajen kilomita 1,600 ne a miƙe, wata hamadar ce sabuwa bayan wadda ta riga ta karya shi. In ya isa, toka zai tarar. Ba hasashe nake ba, an gwada, a Agusta 1942 Jamusawa sun kama rijiyoyin Maikop a Kokeshiya ta kudancin Rasha, suka tarar Rashawa sun toshe su sun ƙone komai, suka zauna watanni abin da suka samu bai taka kara ya karya ba. In ma an gyara, da wane jirgin dakon mai za a kai shi Turai? Italiya ta yi asarar wajen kashi ɗaya cikin uku na jiragen kasuwancinta a ranar da ta shiga yaƙi, don suna tashoshin waje aka riƙe su. Abin dariya, ko abin tausayi, man da Romel ke kuka a kansa yana ƙarƙashin Libiyar da yake takawa, sai 1959 aka haƙo shi a Zaltan.

Sauran maganar kuma ta siyasa ce, ba zan daɗe a kai ba. Jibralta na buƙatar yardar Franko na Sifaniya, Hitila ya je ya same shi a Hendaye, kan iyakar Faransa da Sifaniya, ranar 23 ga Oktoba 1940, Franko ya jero buƙatu, alkama da mai da yankunan Faransa a Afirka ta Arewa, har aka ruwaito Hitila na cewa gara a cire masa haƙora uku ko huɗu da ya sake irin wannan zama. In ya ba Franko ƙasar Faransa ya ɓata da Vichy, in ya faranta wa Vichy ya ɓata da Musolini. Sannan cewa Hitila ya fasa Rasha, ai ka canza mutumin ne ɗungurungum. Mallakar ƙasar gabas ita ce manufarsa tun shekarun 1920, ya sanar da janarorinsa niyyar tun ƙarshen Yuli 1940, Afirka a wurinsa ɗan aikin gefe ne na ceton aboki. Ko da ya fasa ɗin ma dole ya bar runduna mai yawa a gabas, don sojan Stalin na Rasha na kusa da rijiyoyin Ploesti na Romaniya inda Jamus ke samun manta.

In suka ƙi yarda da duk wannan, tuna masu cewa an yi gwajin a zahiri. Da Amurka da Ingila suka sauka Maroko da Aljeriya ranar 8 ga Nuwamba 1942, Hitila ya yi abin da abokanka ke so, ya buɗe hannu ya tura sojoji da jirage har da sababbin tankokin Tiger zuwa Tunisiya. Kuma can ya fi Libiya sauƙi nesa ba kusa ba, tashoshin Tunis da Bizat masu kyau ne, tsallake kaɗan ne daga Sisili, fagen daga na kusa da tasha. Duk da haka ciyar da su ya gagara, jiragen ruwa suka yi ta nutsewa, har aka koma ɗaukar fetur a jirgin sama ana harbo su. Romel ya bar Afirka a Maris 1943 ba shi da lafiya, ranar 13 ga Mayu kuma sauran suka ajiye makamai, Jamusawa da Italiyawa wajen dubu 250 suka shiga hannu.